Akwatin ƙwallayen harhaɗa sinadarai: na saya wa Auta, ga ra'ayina

Autata tana SS1, kuma kemistiri ya tsaya mata a wuya, musamman batun yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa. Shi ya sa na saya mata akwatin nan na ƙwallayen roba da sanduna.

Kowane sinadari da launinsa. Baƙi kabon ne, mai rami 4. Ja oksijin, rami 2, fari kuwa haidirojin, rami 1 tak. Ramukan nan su ne darasin: yaro ba zai iya liƙa wa haidirojin sanda biyu ba, don babu wurin sawa. Da ta haɗa H₂O, wato ruwa, da idonta ta ga ashe a lanƙwashe yake, kusurwar wajen digiri 104.5, alhali a allo wasu a miƙe suke zana shi. Iskar gas ta methane, wato CH₄, shi ya fi burge ni, domin takarda ba ta nuna siffarsa sosai.

Aibinsa, sandunan suna da tauri wajen cirewa, har yatsa ya yi zafi. Kuma ba zai koya wa yaro lissafin mole (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) ba, wanda WAEC da NECO ba sa ƙyalewa. Wannan sai malami da alƙalami.

A ɓoye shi daga masu rarrafe, fararen ƙwallayen ƙanana ne ƙwarai.