Irin tumatir wada da na saya: uku sun fito zaƙo-zaƙo

Gidanmu a Zariya ba fili, tsakar gidan siminti ne, shi ya sa duk noman da nake yi a bokiti da buhun siminti yake. Da na ji labarin tumatir wada, wanda ba ya wuce ƙugun mutum amma yana ba da manyan 'ya'ya, sai na yi odar fakiti ɗaya na Tasmanian Chocolate a wurin wani mai sayar da iri ta intanet. Ba zan kama sunansa ba, ya amsa saƙona cikin mutunci, ko da yake amsar ba ta gamsar da ni ba.

Ƙwaya 12 na zuba a tiren reno a farkon Nuwamba, da sanyi ya fara shigowa. 11 suka tsiro cikin mako guda, nan kam ba ni da ƙorafi. A mako na uku ne na ga abin da ya ɗaure min kai. Takwas sun tsaya gajeru, karansu kauri kamar fensir, ganyen kore shar har yana ɗaukar baƙi, a yamutse kamar an murje shi a tafin hannu. Ukun da suka rage kuwa sun yi zaƙo-zaƙo, kara siriri, ganye sumul, sun ninka 'yan'uwansu tsawo. Da fari na ɗauka inuwar katanga ce ta sa suke miƙewa neman rana, na juya tiren. Ba abin da ya sauya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, waɗannan kam ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne."

Gaskiyarta. Wannan iri ya fito ne daga aikin sa-kai da Craig LeHoullier na Amurka da Patrina Nuske Small ta Ostareliya suka jagoranta, inda suka riƙa haɗa gajeren tumatir da dogaye masu daɗi, suna zaɓe shekara bayan shekara har irin ya zauna. Gajartar nan hali ce mai ɓuya: sai tsiro ya gaje ta daga uwa da uba duka take bayyana. In ƙudan zuma ya kwaso garin furen dogon tumatir ya kai wa furen wada, duk abin da ya fito daga wannan barbarar dogo zai zama. Saboda haka wada tsantsa ba ya haifar dogo haka kawai. Ko dai an bar furen a buɗe kusa da wani iri, ko kuma baƙuwar ƙwaya ta faɗo wajen shanya da ƙullawa. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa masu tara iri ke sakaci, alhali ɗan ƙyallen raga a kan fure kafin ya buɗe ya wadatar.

Mai irin ya ce wai takina ne ya yi yawa. Takin da ke tire ɗaya, ya zaɓi uku ya bar takwas?

Na cire biyu, na dasa ɗaya a buhu don in ga ƙarshensa. Ya wuce kaina, sai da na kafa masa gora, 'ya'yansa kuma ja ne jawur, matsakaita, ɗanɗano ba yabo ba fallasa. Takwas ɗin nan kuwa sun biya ni. Sanda guda ta ishi kowanne, 'ya'yan manya masu ruwan ƙasa-ƙasa, ga zaƙi da ɗan tsami. Ba na miyar dage-dage ba ne kamar tumatir UC da ake kawowa daga Kadawa ta Kano, ruwa ya yi masa yawa, amma a yanka shi a kwaɗon zogale ko a kan dafa-duka, sai wanda ya ci.

Irin kansa zan sake shukawa, amma ba daga hannun mutumin nan ba. Uku cikin 11 sun yi yawa ga mai lissafin bokiti. Na ajiye 'ya'yan dogon nan, jiya na zuba ƙwaya 20. In barbarar zuma ce, kusan ɗaya cikin huɗu za su dawo gajeru. In ko ɗaya bai gajarta ba, to baƙuwar ƙwaya ce, kuma hoton tiren zan tura masa.