Hattara da shafukan "ka ci waya kyauta" masu jan agogo

Jama'a don Allah a kula, akwai wani link da ake ta turawa a WhatsApp da Facebook wai ka ci sabuwar waya, saura kawai ka saka lambar katin bankinka ka biya kuɗin kawowa. Damfara ce tsagwaronta, kuma ta ido suke kama mutum.

Miƙe hannunka ka kalli farcen babban yatsanka. To kusan iya faɗin wurin da ido ke gani tar kenan a lokaci ɗaya, wajen digiri 2, sauran duk dishi-dishi ne ƙwaƙwalwa ke cike gurbin. Shi yasa ido ke tsalle kamar sau 3 duk sakan, kuma abin da ya motsa ko ya ɓullo ba zato shi ke fizgarsa tun kafin ka yi niyya. Mutanen nan sun san haka sarai, sai su sa jan agogo yana ƙirga minti 5, ga ƙaton maɓalli kore yana ta ƙyaftawa, ga hoton wata tana murmushi amma fa ba kai take kallo ba, maɓallin take kallo, kai kuma da ka ga wani ya kalli wuri idonka bi yake ko ba ka so.

Kana can kana tsere da agogo, a ƙasa akwai 'yan mitsi-mitsin rubutu launin toka da ke cewa ka yarda a riƙa cire maka kuɗi duk wata. Adireshin sama ma na bogi ne, sun manna r da n ya zama kamar m, wa zai lura? Kar wani ya ce ai ni ina da wayo. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane ƙirga jifan ƙwallo a bidiyo, wata ta ratsa tsakiyar 'yan wasan da kayan goggon biri har tana dukan ƙirji, kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba.

Gwada sake loda shafin, sau da yawa agogon komawa minti 5 yake. Ka rufe maɓallin da yatsa ka karanta adireshin harafi-harafi. Alamar X ɗin tasu ma kar ka taɓa, wani lokacin ita ke sauke maka wata manhaja, rufe shafin gaba ɗaya daga burauza. Wanda kuma ya riga ya saka lambar kati ya kira bankinsa yanzu-yanzu a toshe katin.