Kwantak ko HEI a tsohuwar Chevy mai V8

Salam 'yan uwa. Alhaji jiya ka yi tambaya kan tsohuwar Chevy ɗinka mai injin V8 350, ka ce kullum da safe sai ta yi gardama kafin ta tashi, shin ka bar distiributar kwantak ɗin ne ko ka koma ta lantarki, wato HEI (High Energy Ignition). To ga nawa ganin.

Kwantak dai, wato ɗan makunnin cikin distiributa da ke buɗewa ya rufe don fulogi ya samu wuta, ba baƙo ba ne a wajenmu, duk bakaniken da ya taɓa Peugeot 504 ya san shi, sai dai a V8 wahalarsa ta ninka tunda duk juyi ɗaya na distiributa sau 8 yake buɗewa ya rufe. Ɗan robar nan da ke gogar ƙarfen da ke juyawa cikin distiributa (kam) yana cinyewa a hankali, gaf wato tazarar bakin kwantak ya ragu, tayimin wato lokacin da wuta ke kai wa fulogi ya ja baya kai ba ka sani ba, sai dai kawai ka ji mota ta yi nauyi tana zuƙar mai. Gaf ɗin sabo inci 0.019 ne. Abin da ke burge ni da na GM, kamfanin da ke ƙera Chevy, shi ne 'yar tagar ƙarfen nan da ke jikin murfin, ka ɗaga ta ka zura alanki ka saita inji na aiki, ko kashewa ba sai ka yi ba. Kuma in ya lalace a hanya, da sukundireba da ɗan sanfefa za ka lallaɓa ka kai gida.

Ita kuma HEI, GM ta fito da ita 1974, zuwa 1975 ta zama ita ce a motocinsu. Babu abin da ke gogar wani, maganaɗisu ne ke ba modul sigina, wato ɗan na'urar lantarkin da ke yin aikin kwantak, kwail ɗin da ke ƙara wa wuta ƙarfi ma a saman murfin yake zaune. Wuta ta fi ƙarfi sosai, shi ya sa ake buɗe bakin fulogi zuwa 0.045 maimakon 0.035, kuma in ka saita tayimin yau haka za ka same shi baɗi. Matsalarta ɗaya, ba ta ciwo sai dai mutuwa, kana tafe sai ɗif.

Amma fa inda mutane ke faɗawa rami shi ne waya. Motar kwantak tana da wata waya mai rage wuta kafin ta kai kwail, don kar kwantak ya ƙone, ita kuwa HEI cikakken bolt 12 take so daga makulli, to sai rewaya ya jona ta a tsohuwar wayar nan don ita ya gani kusa, mota ta tashi kamar lafiya lau amma kana taka totur ta fara tari, sai a ce ai distiributar ce jabu alhali yunwa take ji. Na biyu farin man nan da ake shafawa ƙasan modul don ya riƙa janye masa zafi. Ni wani yaron gareji ya goge min shi tas wai datti ne, ko sati biyu ban yi ba modul ya ƙone da tsakar rana, a wannan zafin namu ba ya yafiya. Wayoyin fulogi ma sai ka sake, kawunansu ba iri ɗaya ba ne, ka kuma riƙe jerin yadda wuta ke bin silinda, wato 1-8-4-3-6-5-7-2, kafin a zare ko ɗaya.

Akwai kuma Pertronix Ignitor, ɗan ƙaramin abu da ake sawa a gurbin kwantak cikin tsohuwar distiributar, daga waje ba wanda zai gane an taɓa. In kana son motar ta zauna a kamanninta na asali shi ne naka, sai dai kar ka bar makulli a kunne inji a kashe, samfurin farko yana ƙonewa.

Ni in motata ce kuma hawanta nake kullum, HEI zan sa, in ajiye modul ɗaya na safaya a cikin mota. Sai dai murfinta ƙato ne, kuma a 350 distiributa can baya take daf da bangon da ya raba inji da cikin mota, a wasu bodin ba ta shiga. Alhaji ka ɗauko mana hoton wurin tukunna mu gani kafin ka tura wa kowa kuɗi.