Sharhi kan Hanyar Neman Tallafin Binciken Girgizar Ƙasa daga Hukumar USGS ta Amurka

A kowace shekara hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda aka fi sani da USGS, tana fitar da sanarwa tana gayyatar masana daga jami'o'i, da hukumomin jihohi, da kamfanoni masu zaman kansu, su nemi kuɗin gudanar da bincike kan haɗarin girgizar ƙasa. Aikina shi ne taimaka wa malaman jami'a wajen haɗa takardun irin wannan nema, saboda haka abin da zan auna a nan shi ne hidimar kanta, tun daga rajista har zuwa rahoton ƙarshe. Hukuncina shi ne cewa takardun da suka shafi ilimin kansa sun cancanci duk wahalar da ake sha a kansu, amma waɗanda ake cikewa a bakin ƙofa, kafin ma a kai ga maganar girgizar ƙasa, suna danne ƙananan masu nema fiye da yadda ya kamata.

Tushen shirin doka ce da majalisar dokokin Amurka ta zartar a 1977 domin rage ɓarnar girgizar ƙasa, bayan ƙasar ta ga abin da ya faru a Alaska a 1964 da kuma San Fernando ta jihar Kalifoniya a 1971. Dokar ce ta kafa shirin ƙasa da ake kira NEHRP, wanda hukumomi huɗu suke tafiyarwa, wato USGS, da FEMA mai kula da agajin gaggawa, da NSF mai tallafa wa binciken kimiyya, da NIST mai kula da ƙa'idojin awo da fasaha, kuma majalisa ta sabunta shi a 2018. Rabon USGS a ciki shi ne sa ido kan motsin ƙasa da kimanta haɗari, kuma tun da ma'aikatanta ba za su iya yin komai su kaɗai ba, sai take ware wani kaso na kasafinta ga masana na waje.

Ƙofar farko ba ta USGS ba ce. Kafin wata cibiya ta nemi ko da dala ɗaya daga gwamnatin tarayya, wajibi ne ta yi rajista a shafin SAM.gov, ta karɓi lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12 da ake kira UEI, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS a ranar 4 ga Afrilu, 2022. Ana buƙatar takardun da ke tabbatar da sunan cibiyar da adireshinta, kuma dole su yi daidai da juna harafi da harafi. A shekarar da aka yi wannan sauyi cibiyoyi da yawa sun yi ta jiran tantancewa na tsawon makonni, musamman ƙanana da na ƙasashen waje. Rajistar kyauta ce, wannan abin yabo ne, amma shekara ɗaya take yi, kuma idan ta ƙare ba a sabunta ba, ba a iya miƙa takardar nema. Babbar jami'a tana da ofishi sukutum da ke lura da wannan, ta yadda malamin da ke rubuta bincike ba ya ma sanin an yi. Ƙaramin kamfani mai mutum uku ko huɗu da suka ƙware wajen haƙa rami a kan tsagar ƙasa, wato inda duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka tsage suke gocewa, domin karanta tarihin tsofaffin girgizoji, shi kuwa masanin da kansa ne zai ajiye aikin fili ya zauna yana bin lamba. Wannan ne ya fi damuna a duk tsarin, domin irin waɗannan mutane sukan fi kowa sanin yankinsu.

Shafin Grants.gov, inda ake miƙa takardun, ya fi yadda mutane suke faɗa kyau. Yana ba da fili guda da mutane da dama za su yi aiki tare, mai bincike yana ɗora bayaninsa, akanta yana cike kasafi, sannan wakilin da cibiya ta ba izini ya sa hannu ya aika. Yana duba fom kafin a aika, ya nuna gurbin da aka bari, kuma yana ba da lambar bin sawu. Fom na nema, SF-424, da abokinsa na kasafi, SF-424A, na gama-gari ne, wanda ya taɓa cike su sau ɗaya ba zai sha wuya a karo na biyu ba. Wa'adi kuwa ba ya karɓar uzuri, domin agogon shafin ne shaida, kuma takardar da tantancewa ta dawo da ita a daren ƙarshe daidai take da wadda ba a aika ba. Ban ga laifin wannan tsauri ba tun da kowa aka yi wa, amma ina shawartar duk wanda nake aiki da shi ya aika da sauran kwanaki a gaba.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne sanarwar shekara-shekara kanta. Ba ta barin mai nema yana lalube cikin duhu. Tana raba aikin zuwa yankuna da fannoni, kamar arewaci da kudancin Kalifoniya, da arewa maso yamma tare da Alaska, da yankin tsaunuka na yamma, da tsakiya da gabashin ƙasar, sannan ta lissafa tambayoyin da hukumar ke son a amsa a kowanne. Mai aiki a kan yankin New Madrid da ke tsakiyar ƙasar, inda aka yi manyan girgizoji a 1811 da 1812, ya san abin da ake nema daga gare shi, haka ma mai nazarin gaɓar Cascadia ta arewa maso yamma da ta yi mummunan motsi a 1700, ko mai bin girgizojin Oklahoma da aka danganta da tura gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai zuwa ƙarƙashin ƙasa, irin ta Pawnee mai ƙarfin maki 5.8 a 2016. Haka kuma tana faɗin abin da ba za a karɓa ba tun da wuri: ba a ɗaukar nema daga ma'aikatan gwamnatin tarayya, ba a ɗaukar wanda manufarsa sayen kayan aiki kawai, kuma ba a ɗaukar na tafiyar da tashoshin sa ido na dindindin. Kwamitocin masana ne suke karanta takardun su ba da maki, kuma ana aiko wa mai nema taƙaitaccen ra'ayinsu ko bai yi nasara ba, abin da ke taimaka masa ya gyara a shekara mai zuwa.

Ware aikin sa ido daga wannan tallafi hikima ce. Na'urar auna girgiza ba ta jiran sanarwar shekara, saboda haka tashoshin da ke ƙarƙashin tsarin sa ido na ƙasa da ake kira ANSS, irin waɗanda jami'ar Caltech ta Kalifoniya, da Jami'ar Washington, da Jami'ar Utah, da Jami'ar Memphis suke gudanarwa, suna samun kuɗi ta yarjejeniyar haɗin gwiwa ta shekaru da yawa. A kan irin waɗannan tashoshi aka gina ShakeAlert, tsarin gargaɗin gaggawa da ya fara isa ga jama'ar Kalifoniya a Oktoban 2019, sannan Oregon da Washington a 2021. Tallafin bincike kuwa galibi na shekara ɗaya ne, wani lokaci biyu, kuma a nan ina da ƙorafi. Aikin da ya haɗa da neman izinin mai fili, da haƙa, da aika samfur ɗakin gwaji domin gano shekarunsa, da wuya ya kammalu cikin wata 12, don haka mai bincike yakan fara rubuta sabuwar takarda tun bai gama nazarin sakamakon ta farko ba.

Ɓangaren kasafi yana bin ƙa'idojin gama-gari na tarayya da aka sani da 2 CFR 200. Ana so a bayyana dalilin kowane kashe kuɗi, albashi ne, ko tafiya, ko kuɗin gwaji. Gyaran da ya fara aiki a Oktoban 2024 ya kawo sauƙi na gaskiya: cibiyar da ba ta da yarjejeniyar kuɗin gudanarwa da gwamnati tana iya cajin kashi 15 cikin ɗari a matsayin kuɗin gudanarwa maimakon 10, kuma iyakar kashe kuɗin da ke jawo binciken akanta na musamman ta tashi daga dala 750,000 zuwa miliyan ɗaya.

Bayan an gama aiki ana miƙa rahoton kuɗi a fom na SF-425, da kuma rahoton bincike na ƙarshe. Wannan rahoto shi ne takardar da zan kare a gaban kowa. USGS tana ɗora shi a shafinta, kowa ya karanta kyauta, har da sakamakon da wata mujalla ba za ta buga ba saboda bai tabbatar da abin da aka yi zato ba. Irin waɗannan bayanai ne suke shiga taswirar haɗarin girgiza ta ƙasa, wadda aka sabunta a 2023 ta haɗa jihohi 50 gaba ɗaya, ta kuma nuna cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na faɗin Amurka yana iya fuskantar girgiza mai ɓarna. Daga taswirar ne injiniyoyi suke ɗaukar ƙa'idar ƙarfin gini, saboda haka awannin da malami ya ɓata yana rubuta rahoto suna ƙarewa ne a cikin rodin asibiti da na makaranta. Sharaɗin bayyana inda za a adana bayanai da yadda wasu za su same su shi ma yana cikin wannan rukuni mai amfani.

Masananmu na gida, irin na cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi, waɗanda suka bi diddigin motsin Kwoi a 2016 da na Mpape a 2018, kada su sa rai wannan kuɗi zai kafa musu tasha, domin an tsara shi ne don rage haɗari a Amurka. Amma rumbun rahotannin a buɗe yake gare su, kuma nazarce-nazarcen tsakiya da gabashin Amurka, inda ƙasa ke motsi nesa da gaɓar manyan faifan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya da ke gogayya da juna, sun fi kusa da yanayinmu.

Akwai dokar rage nauyin takardu ta 1980, wadda aka yi wa garambawul a 1995, da ta hana kowace hukuma tattara bayani iri ɗaya daga mutum goma ko fiye sai da amincewar ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, kuma amincewar ba ta wuce shekara uku. Saboda haka USGS takan buga sanarwa a jaridar gwamnati, ta faɗi awannin da take ganin cike takardunta zai ci, ta ba jama'a kwana 60 su yi magana, sannan a ƙara wasu 30. Ina ganin wannan adalci ne, sai dai lissafin yana ƙirga takardun shirin ne kawai, ba ya ɗaukar lokacin rajista da sabuntawa, waɗanda wata hukuma ce daban ke riƙe da su. Ƙananan masu nema su ne suka fi cancantar rubuto wannan a lokacin sauraron ra'ayi, su faɗi awannin da suka kashe a zahiri, su kuma nemi a yawaita tallafin shekara biyu ga aikin fili.