Ƙarin Fitilun Mota: A Jona a Wayar Fulait Ko a Sa Rile?

Alhaji, ka ce ka sayi fitilu biyu masu wat 55 kowacce saboda tafiyar dare tsakanin Jos da Abuja. Wani mai wayarin ya ce zai jona maka su a wayar fulait nan take, wani kuma ya ce sai an janyo wuta daga batir an sa rile, wato ƙaramin makunnin da 'yar wuta ke kunnawa, da fiyus. Na biyun nake goyon baya, ga kuma dalili.

Fitilun nan biyu wat 110 ke nan. A mota mai volt 12, za su ja wuta wajen amp 9. Fulait ɗin motarka kuwa, in ƙwan H4 ne mai wat 60, biyun suna jan wajen amp 10. Jona kai tsaye na nufin an kusa ninka wa wayar kamfani kayan da aka auna mata. Abin da ya fi sauƙi shi ne fiyus ya ƙone, fitilunka duka su ɗauke lokaci guda, ka kuwa san abin da wannan ke nufi ga mai gangara Hawan Kibo da tsakar dare. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganin da ake yi bayan nan: a cire fiyus mai 10 a cusa mai 30, ko a naɗa silin waya a gurbinsa. Daga ranar babu mai tsaron wayar. Robarta za ta yi ta zafi tana taushi a cikin kunshin wayoyi inda ido ba ya gani, a tsofaffin motoci har makunnin jikin sitiyari yakan narke. Hasken ma raguwa yake yi, don siririyar waya tana cinye wuta a hanya.

Amfanin jona kai tsaye bai wuce arha da sauri ba.

Shi rile ɗan aike ne: ka faɗa masa a hankali, shi ya ɗauko kayan mai nauyi. Juya shi ka duba ƙasansa, za ka ga lambobi kusa da ƙafafunsa. Ƙafa ta 30 tana karɓar waya mai kauri, 2.5mm², daga kan batir, da fiyus mai amp 15 dab da batir ɗin, ba can kusa da fitila ba, domin tsawon wayar gaba ɗaya ake son ya tsare. Ta 87 tana zuwa fitilun. Ta 86 tana ɗauko 'yar wuta daga wayar fulait ta bi ta makunnin da ke gabanka, ta 85 kuma ta tafi jikin bodi. Abin da rile ke ja daga wayar kamfani bai kai rabin amp ba.

Wannan haɗin yana da wata fa'ida da nake ganin ta kai ta kare mota muhimmanci. Da ka sauke fulait zuwa dim, ƙarin fitilun sun mutu da kansu. Tsakanin Akwanga da Keffi mun sha ganin masu kashe wa na gabansu ido saboda an ba fitilarsu makunni nata daban, sun manta da shi. Rayukan mutane ne a motar da ke tahowa.

In Toyota ce irin tsohuwar Hilux, a kula: da yawansu ta ɓangaren negatif ake kunna fitilar gaba, don haka sai an gwada da mitar auna wuta kafin a san inda 85 da 86 za su zauna. Sababbin motoci masu kwamfuta kuma, jona kai tsaye na iya sa su nuna alamar matsala a dashbod.

Kada ka sa ran waɗannan fitilu za su taimake ka a hazon damina na Filato ko ƙurar hunturu. Haskensu dawo maka yake yi a ido. Wannan aikin fitilar hazo ne, wadda ake ɗaurawa ƙasa a bamba.

Kafin ka biya, ka sa mai wayarin ya kankare fenti inda ya ɗaure wayar bodi, ya sa roba a ramin da waya ta ratsa ƙarfe, ya nisanta ta da salansa. Ku bar fitilun a kunne minti goma injin na aiki, sannan ka taɓa wayar. In ta yi zafi, a sake ta da mai kauri.