Kafin Ka Sayi 'Yar Mesa, Duba Wadda Za Ta Saba da Hannu

Wani ƙanina a Gombe ya kira ni bayan isha'i, murya na rawa. Wai 'yar mesar da ya saya a hannun wani gardi ta sare shi sau uku cikin kwana biyu. "Yaya, anya ba mai iska ba ce?" Da na je, sai na tarar da ita a cikin bokitin fenti, babu wurin ɓuya, yara sun yi cincirindo suna leƙe. Ba iska ba ne, tsoro ne. A daji komai na cin jaririyar mesa, daga shaho har guza, don haka hannun da ya sauko mata daga sama, a wurinta mutuwa ce ta zo.

Amma kuskurensa na farko tun wurin saye ya yi shi.

Mesa iri biyu ce aka fi samu a ƙasarmu. Akwai babbar, irin ta dajin Yankari, wadda ke iya wuce mita 4. Tana ƙarama ma ga faɗa, in ta girma kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma za ta iya haɗiye ɗan akuya. Wannan ba ta gida ba ce, balle gidan da ke da yara. Ita ƙanina ya sayo, don suna ƙanana bambancin bai cika fitowa ga baƙon ido ba. Ɗayar kuma ita ce ƙarama mai dunƙulewa, wadda da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. In ta tsorata takan cusa kanta a tsakiya ta naɗe kamar gammo maimakon ta kai sara. Ita ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, kuma ita kaɗai zan ce sabon shiga ya kalla. Sai dai ka sani tana iya shekara 20 zuwa 30 a raye.

Sai maganar asali. Wadda aka kamo a daji ta fi araha, amma takan zo da kaska, ta yi watanni tana ƙin abinci, sabonta da mutum kuma sai a hankali. Ga haɗarin da ya fi wannan: kāsa ma gajeriya ce mai kauri da zane, ana iya zaton ƙaramar mesa ce, kuma tana da dafi mai kisa, alhali mesa ba ta da dafi ko kaɗan. Mu da muke da asibitin saran maciji a Kaltungo, inda kububuwa ke cika gadaje duk damina, bai kamata a ce mun kai hannu kan macijin da ba mu tantance ba. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta fi tsada kuma ta fi wuyar samu, amma ita ce kuɗinka. Cinikin mesa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, da kuma dokokin kare su, saboda haka ka nemi bayani wurin jami'an gandun daji tukuna.

Jaririya ko 'yar tasawa? Ni na fi son wadda ta yi wata shida zuwa shekara, ta riga ta saba cin ɓera. Ka ce wa mai sayarwa ya ciyar da ita a gabanka. Duba baki kada a ga kumfa, saurari numfashi kada a ji shaƙa, jikin kuma ya zama a cike.

In ka kawo ta gida, ƙyale ta mako guda cur. Akwati mai murfi mai kullewa, kwanon ruwa, da fasasshen kasko a kife don ta shige. Gefe ɗaya ya kai ɗumin digiri 31, ɗayan ya ɗan fi sanyi. Da hunturu a riƙa yayyafa ruwa, in ba haka ba saɓarta takan maƙale. Bayan nan ka fara ɗaukarta minti biyar, sau biyu ko uku a mako. Taɓa ta da sanda mai lanƙwasa tukuna don ta san ba abinci ba ne, sannan ka tallabo tsakiyar jikinta daga ƙasa. Kada ka riƙe wuya. In ta sara, kada ka fizge hannu, haƙoran a karkace suke zuwa ciki. Ka wanke wurin da sabulu. Kar ka taɓa ta kwana biyu bayan ta ci, ko lokacin da idonta ya yi hazo za ta yi saɓa. Ɓeran gida kuwa kada a ba ta, wataƙila ya ci maganin ɓera.

Abu na ƙarshe da za ka tambaya kafin ciniki shi ne mutanen gidanka. Ƙanina dai Hajiya ce ta yanke hukunci: ko shi ko macijin. Washegari ya mayar wa gardi kayansa, kuɗin kuma bai dawo ba.