Na kira 911 a Amurka: aikin ya yi, amma kuɗin da ake cira a bil ɗin waya akwai magana

Tun watan sanyi nake son in rubuta wannan abu, sai yau Allah ya nufa. Shekarata shida a Amurka, kullum ina jin 911, lambar kiran gaggawa, a baki da a talabijin amma ban taɓa danna lambar ba sai daren da ƙaramin yarona ya kwana da zazzaɓi. Baban yana aikin dare, ni kaɗai ce da yara, wajen ƙarfe biyu na ji gadon yana motsi, ina kunna fitila na ga yaro ya sandare ido ya juye yana ta jijjiga. Innalillahi, abin da ya fara zuwa raina shi ne in ɗauko cokali in sa masa a baki kamar yadda na ga ana yi a gida, sai babbar 'yata ta miƙo min waya ta ce Umma ki kira 911.

Ko ringin biyu bai yi ba aka ɗauka. Mace ce, kuma tambayar farko da ta min ita ce adireshi, kafin ma ta ji me ya faru, daga baya na gane dalili, ko waya ta katse sun san inda za su tura mutane. Ni kuma kuka nake, turancin duk ya gudu, amma matar nan ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta ce in kwantar da shi ta gefe ɗaya, in janye filo da duk abin da zai buge shi, kada in danne shi, kuma kada in sa masa komai a baki, ta maimaita wannan har sau biyu kamar tana ganin cokalin a hannuna. Ta ce in duba agogo in faɗa mata lokacin da jijjigar ta tsaya, in sa 'yata ta buɗe ƙofa ta kunna fitilar waje. Ba ta ajiye waya ba sai da ta ji muryar mutanen a falo. 'Yan kwana-kwana ne suka fara isowa, motar asibiti na bin su a baya, ni a lissafina ba a yi minti goma ba. Alhamdulillahi zafin zazzaɓi ne ya kawo jijjigar, da safe aka sallame mu. Har yau in na tuna matar nan addu'a nake mata, ban san sunanta ba ban san fuskarta ba.

To ta wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo, tauraro biyar cif. Abin da ya kamata 'yan uwa masu zuwa su sani shi ne kiran kyauta ne amma motar asibitin ba kyauta ba ce, bayan sati uku bil ya iso gida, sai da muka yi ta waya da kamfanin inshora kafin aka rage. Wannan bil ɗin ne ma ya sa na zauna na duba bil ɗin wayarmu da kyau, na ga ashe a ƙasa can inda ake jera haraji akwai wani ɗan kuɗi da aka rubuta 911 a jikinsa, kowane layi kowane wata, mu layinmu huɗu ne, duk shekarun nan muna biya ban taɓa lura ba.

Gaskiya da farko daɗi na ji, na ce ashe da kuɗina a albashin matar nan. Kuɗin ba gwamnatin tarayya ke karɓa ba, kowace jiha ko ƙaramar hukuma ita ke yanka nata, kamfanin waya ya tara ya miƙa musu, shi ya sa na wani gari ya bambanta da na wani. A New Jersey santi 90 ne duk wata, a New York kuma na jiha dala 1.20 ne a kan kowace wayar hannu. Kaɗan ne a ido, amma da yayyafi kogi kan cika, in aka haɗa na ƙasar gaba ɗaya ya haura dala biliyan 3 a shekara.

Inda raina ya ɓaci shi ne da na karanta cewa ba duka kuɗin ke zuwa inda aka ce ba. Tun 2008 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa hukumar sadarwa ta FCC ta riƙa kawo rahoto duk shekara kan nawa jihohi suka tara da abin da suka yi da shi, kuma shekara da shekaru sunan New York da New Jersey yana fitowa cikin masu karkatar da kuɗin. A New York sama da kashi 40 cikin ɗari na wancan dala 1.20 asusun gwamnati na gama-gari yake shiga, a yi duk abin da aka ga dama da shi. Haba jama'a, an ce da mutum kawo kuɗi don kiran gaggawa, an rubuta masa a takarda, sannan a je a toshe wani ramin kasafi da shi, ni a wajena wannan cin amana ne ko da dokar jihar ta halatta. In haraji kuke so ku kira shi haraji mana, mutane su san me suke biya.

A ƙarshen 2020 majalisa ta sake yin wata doka, a 2021 FCC ta fitar da ƙa'ida ta fayyace abin da ya halatta a kashe kuɗin a kai, irin su albashi da horar da masu ɗaukar kira, kwamfutoci da na'urorin cibiyar amsa kiran, da tsarin tura motoci, ta kuma ce zuba shi a asusun gama-gari karkatarwa ce. Na yaba da wannan sosai, sai dai hukuncin ya min sauƙi, jihar da ta karkatar za a iya hana ta tallafin 911 na tarayya a kuma hana ta kujera a kwamitocin ba da shawara na hukumar, to jihar da ke kwasar miliyoyi duk shekara wannan ba zai hana ta barci ba.

Kuma ba wai cibiyoyin sun wadata ba ne fa. Tsarin tun 1968 aka fara shi, kiran farko a wani ƙaramin gari Haleyville a jihar Alabama, lokacin wayar tebur ce kowace lamba da gidanta. Yanzu yawancin kira daga wayar hannu yake, gano takamaiman inda mutum yake, musamman a bene mai hawa da yawa, sai da sabbin na'urori masu tsada, har yanzu akwai wuraren da ba a iya tura musu saƙon tes, ga ƙarancin ma'aikata saboda aikin akwai cin rai kuma albashin ba wani mai yawa ba. Ina tuna matar da ta zauna da ni a waya ƙarfe biyun dare, in na ji an ɗebe kuɗin da aka tara da sunan aikinta sai in ji kamar ita aka cuta. Ni wallahi ko ninka min kuɗin za a yi zan biya da zuciya ɗaya, in dai can zai tafi.

Na ba 'yar uwata da ke Kano labari ta ce ai mu ma muna da 112 kuma kyauta ne, na ce ta koya wa yaranta lambar tun yanzu, don ni 'yar shekara tara ce ta tuna min. Masu iyaye tsofaffi a nan da ba sa jin turanci, yawancin cibiyoyin suna iya haɗa mutum da tafinta in ya faɗi yarensa, amma adireshin nan dole ya fito daga bakin mai kira. Surukata za ta zo mana wata mai zuwa in sha Allah, na riga na rubuta adireshin gidan da manyan baƙaƙe na manna a jikin firij, ina koya mata faɗinsa ta waya kullum bayan isha'i.